Masu kwana a titunan Sakkwato: su wane ne, me doka ta ce, wa ke tsaya musu?

Duk sa'ad da aka ji wata gwamnati ta ce za ta kwashe mabarata daga kan titi, kamar yadda ministan Abuja Nyesom Wike ya yi a watan Oktoban 2024, sai muhawarar ta iso Sakkwato, a teburin mai shayi, a gidajen rediyo, a Facebook. Wasu su ce a nan ma a yi haka. Wasu su ce to, in an kwashe su a kai su ina? Abin da ke rikita zancen shi ne ana kiran abu biyu da suna ɗaya. Bara da rana ake yin ta, rashin makwanci kuwa sai dare ya yi ake ganin sa. Akwai mabaracin da ke komawa ɗakinsa na haya da magariba, akwai kuma ɗan dakon da bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, amma kwali ne katifarsa a bakin shagon wani.

Wa ake nufi da marar makwanci?

A Hausa, in ka ce mutum ba shi da gida ka yi masa zagi, don gida asali ne, dangi ne. Kusan duk wanda ke kwana waje a Sakkwato yana da gida a wannan ma'anar. Zai faɗa maka sunan garinsu da na hakiminsu da gonar da ya gada. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai sa haƙarƙarinsa a cikin birni. Don haka a wannan sharhi za a ce musu marasa makwanci.

Wanda ya bi ta gefen babbar tasha ko bakin kasuwa bayan an idar da isha zai ga yadda tsarin yake. Masu shaguna na jan ƙofa, masu kwana na fitowa da kwali ko buhu. Takalmi shi ne matashin kai, don in an ajiye shi gefe da safe babu shi. Kuɗin da aka samu a yinin, ko a ɗaure shi a ƙugu ko a ba mai shayi ajiya, shi ne bankinsu, shi ne kuma mai cajin waya. Mai gadi ya san kowa da gurbinsa. Kafin mai shago ya iso da safe an naɗe kwalin, an share wurin, wannan sharar ita ce kuɗin hayar. Wanka da bahaya sai gidan wanka na kuɗi, ranar da babu kuɗin sai kwalbati. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwana waje ba ya bambanta su da masu gida sosai, kowa waje yake shimfiɗa. Damina da sanyin Disamba da Janairu ne ke nuna wa ke da ɗaki.

Mafi daɗewa cikin waɗannan mutane su ne 'yan cin rani. Tun kaka da kakanni, in an kai amfanin gona gida, samarin karkara kan shigo birni ga dako, ga ruwa, ga yankan farce da wankin takalmi, su koma kafin shuka. Sai masu taɓin hankali, waɗanda kowace unguwa ta san nata. Sai tsofaffi da masu buƙata ta musamman da babu mai riƙon su, da samarin da shaye-shaye ya raba da iyayensu.

Almajiri matsayinsa daban ne, kuma nan aka fi yin kuskure. Yaron da ke hannun malami yana da zauren kwana da mai tambayar inda yake, ko da zauren ya cika ya batse. Wanda ya gudu daga makarantar, ko malamin ya tashi ya bar shi, ya koma tasha, shi ne marar makwanci, ko da har yanzu yana riƙe da robar bara.

Rukunin da ya sauya fuskar al'amarin a 'yan shekarun nan su ne 'yan gudun hijira, yawanci mata da ƙananan yara. Su ba a cika ganin su a bakin shago ba. Suna cikin kangwaye, gine-ginen da ba a gama ba a sababbin unguwannin gefen gari, an rataya zane ko buhu a inda ya kamata a sa ƙofa. Da rana ne ake ganin su a mahaɗar tituna da ƙofar masallatai.

Abin da ya canza

Baƙo ba sabon abu ba ne a birnin Shehu. Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, kaɗai ya ishe shi jawo masu ziyara daga nesa shekara da shekaru. Dā akwai tsarin da ke karɓar baƙo ba tare da takarda ba. Fatake suna da mai masauki, wanda ke ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki, in rigima ta tashi shi ake nema. Gidan mai hali yana da zaure a buɗe, samari da baƙi su kwana, a fito musu da tuwo. Masallaci ba a kulle shi. Ana cewa baƙonka Annabinka.

Ginin zamani ya zo da katanga da get, babu zaure. Masallatai da yawa yanzu ana sa musu kwaɗo bayan isha saboda satar amsa-kuwwa da batir da fanka. Sannan matsalar tsaro ta sa baƙo ya zama abin tuhuma, kowa na tsoron kada ya saukar da infoman 'yan bindiga.

Ita wannan matsalar tsaron ce ta turo mutanen ma tun farko. Harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018 ya tara 'yan gudun hijira a garin Gandi. A 2021 abin ya kai ga an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, a Oktoban shekarar kuma aka kai hari kasuwar Goronyo. Isa da Sabon Birni sun daɗe cikin wannan hali, garuruwa na biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi noma ko girbi. A ƙarshen 2024 sai ga batun ƙungiyar 'yan bindigar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu. Mafi yawan waɗanda suka gudo ba sansani suke zaune ba, dangi suka raɓa, waɗanda ba su da dangi suka nufi birni. Shi ma ɗan cin rani, wanda dā ruwan farko ke kora shi gida, yanzu in gonar ba ta shiguwa sai ya yi damina a bakin shago.

Dangin da ake raɓar su ma ba ƙarfi gare su ba. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke ciki, kuma Sakkwato ce a sahun gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abinci da haya suka ƙara tashi. Magidancin da ya karɓi matar ƙanensa da 'ya'yanta biyar da niyyar wata ɗaya, in aka shekara, zama kan yi tsami ba don mugunta ba.

Me doka ta ce?

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 16, ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni da ya dace. Sai dai wannan yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Wato ba ka iya kai gwamna ƙara don ba ka da ɗaki. Sashe na 41 kuwa, wanda ya ba ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so cikin ƙasar, ana iya zuwa kotu a kansa. Shi ne lauyoyi ke kafa hujja da shi duk lokacin da aka loda mutane a mota aka ce an mai da su jiharsu.

Ta fuskar laifi, wata dokar soja ta 1989 ta soke laifin da ake kira yawon banza, wanda 'yan sanda suka daɗe suna kama mutane da shi. Amma kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 yana da sassan da ke hukunta marasa aikin yi da 'yan gararamba, kuma bara a bainar jama'a na cikin abin da suka ƙunsa. A Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin shari'a cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, don talauci suke hukuntawa ba aikin laifi ba. Ra'ayi ne na shawara, bai soke dokar kowace ƙasa da kansa ba.

Akwai wasu dokoki uku da suka taɓa ɓangarorin matsalar. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Dokar kare yara ta jihar Sakkwato, wadda Gwamna Aminu Tambuwal ya sa wa hannu a 2021, ta ɗora wa iyaye da hukuma alhakin yaro. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kowace ta kama nata rukunin. Magidanci lafiyayye da ya gudo daga ƙauye, ba yaro ba, ba naƙasasshe ba, babu wadda ta ambace shi.

Masu ciyarwa da masu tsayawa

Aikin sa-kai a Sakkwato iri biyu ne, ko da yake sau da yawa mutanen ɗaya ne. Na farko shi ne agaji: kunu da ƙosai a azumi, bargo a hunturu, karo-karo a WhatsApp don kai marar lafiya asibiti. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, kwamitocin masallatai, mata irin na ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da samarin unguwa duk suna cikin wannan. Na biyu shi ne tsayawa, wato neman a yi da mutum a inda ake rabo da inda ake yanke hukunci. Shi ne ba a cika gani a hoto ba, kuma shi ne ya fi wuya.

Dalilin wuyar tasa kuwa, kusan duk wani taimakon hukuma ta ƙofar mai unguwa yake bi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar, wadda ta yi suna har wasu jihohi ke zuwa koyon tsarinta, tana aiki ne da kwamitocin gundumomi, su ke tantance mabuƙata. Rajistar talakawa ta ƙasa gida-gida ake yin ta, kuma tallafin kuɗi yanzu yana neman lambar NIN da asusun banki. Wannan tsari yana da hujjarsa, don shi ke rage 'yan damfara. To amma a ɗauki matar da ta gudo daga ƙasar Isa, tana kango a gefen gari. Mai unguwar nan bai san ta ba. Dagacin da ya san ta, shi ma ya gudo. Takardunta sun ƙone ko an baro su. Duk inda ta je tambayar ɗaya ce: wa ya san ki? Ayar rabon zakka a Suratut Tauba ta ambaci ibnus sabil, matafiyin da guzuri ya yanke wa, cikin rukunin mutane takwas da suka cancanta, amma fom ɗin yana neman unguwa.

A nan ne mai fafutuka ke yin aikin da mai masauki ke yi dā. Shi zai je gun mai unguwa ya ce, ranka ya daɗe, waɗannan bayin Allah na kangon wane, mun san su, ga sunayensu, ga garin da suka fito. Shi zai nemi mai kangon ya roƙe shi wa'adi kafin ya kore su. In an yi kame da dare, shi zai je ofishin 'yan sanda ya tsaya beli.

Misalin mai taɓin hankali ya fi nuna nauyin abin. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Kware, ba nisa. Kai mutum can ba shi ne wahala ba. Wa zai sa hannu a matsayin ɗan'uwa? Wa zai yi jinya? In ya samu sauƙi aka sallame shi, gidan wa za shi, wa zai tabbatar yana shan magani, wa zai saya in ya ƙare? In babu amsar tambayar ƙarshe, bayan wata uku yana nan a shataletalen da aka ɗauke shi. Ƙungiyoyin da suka gane haka sukan ɓata lokaci mai yawa wajen neman dangi kafin su nemi mota.

Akwai kuma wakilcin da ya girmi duk waɗannan ƙungiyoyi. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, masu sanin mutanensu ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne suka saba magana da fada da gwamnati. 'Yan gudun hijira da yaran tasha ba su da irin wannan, sai wani ya ara musu baki.

Aikin sa-kan yana da nasa raunin. Yana cika a Ramadan ya ƙafe a Shawwal. Kuɗin da ake tarawa ta asusun mutum ɗaya ba kasafai ake bayyana lissafinsa ba, kuma in ɗaya ya ci amana duk sauran ne ke rasa yardar jama'a. Sannan akwai ɗaukar hoton mace tana karɓar mudun shinkafa a watsa duniya ba tare da an tambaye ta ba. Masu yin haka suna cewa sai an gani ake bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Masu suka suna cewa matar tana da surukai da 'ya'ya masu waya.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan a hana bara a kwashe mutane suna da hujjoji da ba a raina su. Yara na ratsa tsakanin motoci. Akwai manya da ke tura yara ko naƙasassu su karɓe abin da aka samu. Taron mutanen da ba a san su ba a kango abin damuwa ne a garin da ke fama da infoma. Malamai da dama kuma na tunatar da cewa Musulunci ya yi hani ga roƙo ga mai iya nema.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta wannan ba, tarihi suke nunawa. Kano ta yi dokar hana bara a zamanin Kwankwaso, ta sake shelanta haramcin a Fabrairun 2020 zamanin Ganduje. Kaduna ta hana a 2015, mabarata suka yi zanga-zanga. A lokacin korona a 2020 gwamnonin Arewa suka yi ta musayar almajirai a manyan motoci, har aka samu masu cutar a cikin waɗanda aka mayar. Duk garuruwan nan akwai mabarata a titunansu yau. Kuma mai da mutum garinsu yana da ma'ana ne in garin yana zaunuwa. A ce wa ɗan Sabon Birni ya koma gida, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Su ma suna da hujjar addini: Ahlus Suffa a cikin masallacin Manzon Allah (SAW) suke kwana.

Sakkwato ta gwada hanyar lallashi. Gwamnatin Wamakko ta riƙa biyan masu buƙata ta musamman naira 6,500 a wata don su rage bara. A Gagi da ke Sakkwato ne Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Afrilun 2012, a 2023 kuma aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Waɗannan duk sun dubi abinci da karatu. Makwanci shi ne ba a cika sa shi a lissafi ba.

A waje akwai hanyoyi biyu da ake yawan ambata. Finland, tun 2008, ta ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki nasa kafin a nemi ya daina shaye-shaye ko ya samu aiki, kuma adadin marasa makwanci ya ragu sosai. Wannan sai ƙasa mai gidaje da kuɗi. Abin da ya fi kusa da halinmu shi ne Indiya: bayan mutane sun mutu da sanyi a titunan Delhi, Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 2010 a samar da gidajen kwana na dare a manyan birane, aƙalla ɗaya ga kowane mutum 100,000. 'Yan fafutuka ne suka kai maganar gaban kotun. Masu adawa da gidan kwana a nan gida suna tsoron zai jawo ƙarin mutane daga karkara, masu goyon baya na cewa mutanen sun riga sun iso.

Yadda abin zai taɓa talaka

In aka zaɓi kame ba tare da masauki ba, abin da aka gani a wasu birane shi ne mutane kan bar manyan tituna su shige lunguna da kangwayen bayan gari. Mai mota zai ga titi ya yi fes. Mazauna unguwannin gefe su za su ga ƙarin baƙi, kuma matan da ke kwana a wurin da babu fitila babu mai gadi su suka fi shiga haɗari. Ɗan kasuwa zai ji a jikinsa ta wata hanya: ɗan dakon da ke sauke masa kaya da asuba yana iya yin hakan ne don a bakin kasuwar ya kwana, kuma kame na dare ba ya tambayar wa ke bara wa ke dako.

In kuma aka zaɓi rajista da gidajen kwana, akwai kuɗin ruwa da bandaki da tsaro, da raba maza da mata, kuma unguwar da za a sa ginin sai an shawo kanta. Waƙafi na iya ɗaukar wani ɓangare, tunda gina masauki ga matafiya tsohon babi ne a fiƙihunsa. Rajistar ita kanta takobi ce mai kaifi biyu: takardar da za a yi rabon abinci da ita, da ita za a iya yin kora, shi ya sa wasu ke ɓoye sunan garinsu in an zo rubutawa.

Mai kango yana tsakiya. In ya bar mutane, yana tsoron ranar da zai ci gaba da gini su ƙi tashi, ko wani abu ya faru a ce gidansa ne. In ya kore su, unguwa ta zage shi. Wasu masu unguwanni sukan raba gardamar da yarjejeniya ta baki a gaban liman: za su zauna, za su tsare masa bulo da rodi, in ya tashi aiki zai ba su sanarwar wata guda.